Sarƙar kekena na yawan sauka a gangaren Zuru: wane matari zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Zuru. Na sayi keken hawan dutse ɗan Kwatano, mai shokzoba a gaba kaɗai, giya tara a baya, direlar, wato abin da ke sauya wa sarƙa giya, Shimano Alivio ce. Da faranti uku ya zo a gaba, sai na sa aka cire babban da ƙaramin da abin sauya su, aka bar na tsakiya mai haƙori 32. Tun daga ranar, da na gangaro kan duwatsu sai sarƙa ta sauka. Na ga matarin sarƙa iri biyu: ƙarami da ake ɗaurawa a saman faranti, da babba mai ɗan gargare a ƙasa haɗe da garkuwa. Wanne ya dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙaramin, na sama. Amma kada ka tura kuɗi tukuna, domin a yadda ka kwatanta keken nan akwai gyare-gyaren da suka riga matari, kuma shi kansa matarin ba ra'ayinka ne zai zaɓa maka shi ba, firam ɗin kekenka ne.

Fara da tsugunnawa gefen keken ka dubi farantin da aka bar maka. Juya feda baya a hankali kana kallon haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga ba tsayinsu ɗaya ba. Wasu gajeru ne, wasu an fere musu gefe, wasu sun ɗan karkata. Ta bayan farantin kuma akwai 'yan ƙusoshi da tudu-tudu da aka buga a jikin ƙarfen. Da yawa na zaton cinyewa farantin ya yi, alhali haka aka ƙera shi. Aikin farantin tsakiya shi ne ya saki sarƙa da sauƙi in an tura ta zuwa babba ko ƙarami, ya kuma cafe ta in ta dawo. Abin da ke hana ta sauka a da shi ne kejin direlar gaba da ke rungume da ita, da faranti biyun da ke tsare ta dama da hagu. Kai kuwa ka sallami masu gadin duka uku, ka bar wanda aka ƙera don ya sake ta. In ba ta sauka ba ma ai da mamaki.

Kekunan da ke zuwa da faranti ɗaya tun daga kamfani ba irin wannan farantin gare su ba. A 2012 kamfanin SRAM na Amurka ya fito da XX1, faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya, kuma abin da ya sa ya karɓu shi ne haƙoran farantin. Dogaye ne, ɗaya mai kauri, na kusa da shi siriri, haka har a zagaye. Dubi sarƙarka za ka gane dalili. Gaɓoɓinta ba faɗinsu ɗaya ba, mai faɗi ce ke bin matsattsiya. Haƙori mai kauri ya cika mai faɗin, siririn ya shiga matsattsiyar, sarƙa ta rasa wurin yin lilo. Shi ya sa irin wannan faranti ba ya zuwa da haƙori 31 ko 33, sai 30, 32, 34. Yau kamfanoni barkatai na yin sa, har da masu arha na China. Irinsa za ka nema. A kwalin za ka ga an sa NW, wato siriri da mai kauri a Turance, kuma da yawansu na aiki da sarƙar giya 9 har zuwa 12. Ƙarfen feda irin naka yawanci mai noti huɗu ne, kuma galibinsu awonsu 104 BCD ne, wato faɗin da'irar da ramukan notocin ke kai milimita 104 ne. Don ka tabbatar, auna daga tsakiyar noti zuwa tsakiyar na kusa da shi. In ka sami milimita 73 da rabi, shi ne. Ka haɗa da gajerun notocin faranti, domin tsofaffin an yi su ne su ratsa faranti biyu, kuma ina kyautata zaton washa mai gyaranka ya cusa ya cike gurbin.

Sai tsawon sarƙa, wanda kusan kowa ke mantawa. An yanka sarƙarka ne don ta iya zagaye babban faranti, mai haƙori 42 ko 44, tare da babbar giyar baya. Yanzu 32 kaɗai take zagayewa. In 44 aka cire, bambancin haƙori 12 ne, rabinsu sarƙa ke kwanciya a kai, ke nan gaɓa shida ce ta yi rara, kowace gaɓa rabin inci, jimla inci uku na sarƙar da ba ta da aiki sai kaɗawa. Ɗora ta a kan farantin da babbar giyar baya ba tare da ta bi ta cikin direla ba, ka haɗa bakinta, ka ƙara gaɓa biyu, sauran a cire. Tun da ka kama ta, auna cinyewarta da tef na ƙarfe irin na kafinta, kada ka ɗauko na tela. Daga tsakiyar fil zuwa fil na 24 a gabansa inci 12 ne cif a sabuwar sarƙa, wato milimita 304.8. In ta zarce da milimita biyu, ta gama aiki. Kada ka ɗora ta a sabon faranti, za ta cinye maka haƙoran.

Akwai abu na uku, sai dai a kekenka yana da tsada. A 2011 Shimano ta fara sa wa direlar baya kuloci, abin da ta kira Shadow Plus. Ɗan birki ne a cikin gwiwar direlar da ke hana hannunta wullowa gaba in keke ya daki dutse, sarƙar ƙasa ta zauna a ɗame. Faranti NW da direla mai kuloci su ne suka sa mahaya da yawa suka daina ɗaura matari kwata-kwata. To, Alivio ba ta da shi, haka Acera da Altus. Direlar Deore mai giya 10 tana da shi, amma ba ta jituwa da maƙunnin giya tara, domin yawan wayar da suke ja ya bambanta, sai ka sauya maƙunni da kaset, wato jerin giyoyin baya, da sarƙa gaba ɗaya. Kamfanin microSHIFT na da Advent mai giya tara da kuloci, ita ma da nata maƙunnin take tafiya. Wannan ne ya sa ban ce maka ka manta da matari ba. Wanda ke da kuloci zai iya ɗaukar matari a matsayin ƙari. Kai da ba ka da shi, ko ka sa sabon faranti ka rage sarƙa, gangaren da ke da tsakuwa da kwazazzabai zai riƙa sauke maka ita jefi-jefi, kuma ɗan matarin sama ya fi sauya giya gaba ɗaya arha nesa ba kusa ba.

Ga dalilin da ya sa na saman ya isa. In kana taka feda, sarƙa ta sama take hawa faranti, ta ƙasa take barinsa. A gangare ƙafafunka na tsaye, sarƙa ba ta ɗauke da nauyi, sai ta yi ta tsalle. Ko dai ta goce daga saman haƙoran, ka taka ta zube, ko kuma ka ɗan mayar da feda baya don ka kauce wa dutse, ta goce ta ƙasa. Matarin sama ɗan keji ne na roba mai tauri da ke lulluɓe sarƙa daidai inda take hawa faranti, bai taɓa ta ba, amma bai bar mata hanyar fita sama ko gefe ba. Muddin saman na zaune a kan haƙora, ko ƙasan ya goce, taku ɗaya gaba zai mayar da ita. Nauyinsa ma ba abin magana ba ne, na kamfanin OneUp na Kanada giram 35 ne.

Babban mai gargare a ƙasa an yi shi ne tun kafin zuwan kuloci, don masu tseren gangarowa daga kan tsauni da kekuna masu shokzoba gaba da baya, masu dirowa daga tudu. Gargaren na ɗaga sarƙar ƙasa ya naɗe ta a jikin faranti. Yana aiki, ban musa ba, kuma mai direla marar kuloci na iya cin moriyarsa. Amma shi kullum a manne yake da sarƙa, kowane taku sai ya juya, kuma ka san ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Ta haɗu da man sarƙa ta zama wani baƙin kwaɓi mai yashi-yashi, in ka murza a yatsa za ka ji yana ƙaiƙayi. Wannan kwaɓin ne zai zauna a boris ɗin gargaren. Da farko ka ji ƙara, daga baya ya daina juyawa, sarƙa ta riƙa gurzar sa har ta yi masa rami. Damina ta zo, ku kuma a Zuru kun fi mu nan Birnin Kebbi samun ruwa, laka ta cushe tsakanin gargare da faranti. Ranar da ya ci, babu shagon da za ka shiga a Zuru ko Yawuri ka ce a ba ka irinsa, sai oda. Kuma hawan da za ka yi kafin ka gangaro, da shi za ka yi ta ja. Ga mai keke marar shokzobar baya, wahalarsa ta fi amfaninsa.

Maganar garkuwa dabam ce, domin ita ba sarƙa take tarewa ba, duka take karɓa a madadin faranti. Ka tambayi kanka ko farantinka ya taɓa dukan dutse tun da aka cire babban. Faranti mai haƙori 44 faɗinsa wajen milimita 178 ne, mai 32 kuwa wajen 129, ke nan ka riga ka ƙara nisa da ƙasa da kusan santimita biyu da rabi. In kana bin hanyoyin ƙafa da na shanu ne a gefen gari, wanda a halin da ake ciki ma ba na ba ka shawarar ka nausa daji ba, da wuya ka buƙace ta. In kuwa kana haye kan fale-falen dutse har kana jin ƙasan keke na gurza, to kana da hanya mai sauƙi da masu sababbin kekuna ba su da ita. Gurbin babban farantin nan da aka cire yana nan. Ana sayar da zoben garkuwa mai 104 BCD da ke zama a wurin, da dogayen notocinka na asali. Duka ya sauka a ƙarfen feda, firam bai sani ba, kuma zoben na tare sarƙa daga faɗowa waje. Sai dai ka lura, yawancin matarin sama masu lulluɓe sarƙa ta gefe biyu ba sa zama tare da zoben, domin gefen waje na kejin zai ci karo da shi. In zobe ka zaɓa, abokin tafiyarsa ɗan matari ne na ciki kaɗai, mai tsare ɓangaren firam.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, wato wurin ɗaurawa. Kifar da keken, ka goge gidan boris na feda, wanda ake rubutawa BB, ta ɓangaren sarƙa. In ka ga kunnuwa uku masu ramin noti sun kewaye shi, kekenka na da ISCG. Iri biyu ne kuma ba sa shiga juna. Tsohon, da ake ce wa ISCG 03, da'irar ramukansa wajen milimita 59 ce, ISCG 05 kuwa 73, kuma shi ne a kusan duk kekuna masu kunnuwan da aka yi daga baya. Wannan ita ce ɗaura mafi ƙarfi, kuma a kanta kaɗai nake yarda a sa matari mai haɗe da garkuwar ƙasa. Amma keke irin naka, mai faranti uku da Alivio, da wuya ka tarar da kunnuwan nan. Na faɗa ne don kada hoto ya ruɗe ka, domin mafi yawan matarai masu kyan gani da za ka ci karo da su na ISCG 05 ne, kuma in ba ka da kunnuwan, ado ka saya.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake maƙalewa a bayan kofin BB. Wani faifai ne mai rami da ake zura wa kofin dama a ɗaure shi da firam. Sharaɗinsa BB ɗin ya zama mai tiredi, wanda ake murɗawa, ba wanda ake dannawa da ƙarfi ba. In irin Hollowtech II ne na Shimano, mai kofuna a waje, akwai washa mai kaurin milimita 2.5 a ɓangaren dama, ita ake cirewa faifan ya maye gurbinta, komai ya zauna inda yake. In kuwa tsohon yayi ne mai sanda mai kusurwa huɗu, babu washar da za a cire, faifan zai tura farantinka waje gwargwadon kaurinsa. Ka gaya wa mai gyara kofin dama tiredinsa na hagu ne, ta yadda agogo ke juyawa ake kwance shi. An sha lalata firam a kan wannan da guduma da kurfi. Aibin wannan ɗaurin shi ne matsi kaɗai ke riƙe da shi. In aka haɗa masa garkuwa ta daki dutse, faifan na iya juyawa, matarin ya koma inda ba a sa shi ba.

Hanya ta uku ita nake ganin taka ce: matari mai maɗauri da ke kama bututun da sandar sirdi ke shiga, daidai inda direlar gaba ta bar shaidarta a fenti. Kaurin bututun iri uku ne, milimita 28.6 ko 31.8 ko 34.9. In tsohuwar direlar na nan, duba cikin maɗaurinta, sau da yawa an buga lambar. In babu, yanki 'yar takarda ka naɗa a bututun, ka sa alama inda ta haɗu, ka miƙe ta a kan rula. Milimita 90 na nufin 28.6, 100 na nufin 31.8, 110 kuwa 34.9. In direlar taka ba maɗauri gare ta ba, a jikin wani ɗan dandamali aka ɗaure ta da noti, ko da noti biyu can ƙasa kusa da BB, to akwai matarin da aka yi wa kowanne. Na saman ana rubuta masa D-type, na ƙasan E-type ko S3. Ɗauki hoton wurin ka kwatanta da na mai sayarwa kafin ka biya, domin kayan nan daga Legas ko China suke tasowa, kuma mayar da wanda bai yi ba ya fi sayen wani wuya.

Lambobi biyu suka rage ka duba a bayanin kayan. Na farko yawan haƙorin da matarin ke ɗauka, za ka ga an sa kamar 26 zuwa 38, ko 32 zuwa 36. Zaɓi wanda 32 ba ta zama ƙarshen iyakarsa ta ƙasa ba, domin hawan Zuru na iya sa ka koma 30 wata rana. In ka yi sha'awar faranti mai siffar ƙwai, ka sani mai 32 a wurin da ya fi faɗi yana kai girman 34, sai matarin da aka ce yana ɗaukar irinsa. Na biyu nisan faranti daga tsakiyar firam. A keke irin naka farantin tsakiya na zama a milimita 47.5 zuwa 50. Sababbin kekuna masu faɗin gindi da ake kira Boost nasu 52 ne, wasu har 55. Matarin da aka yi wa waɗannan kaɗai zai tsaya a waje da sarƙarka. Nemi wanda ke matsawa ciki da waje, ko mai zuwa da washoshi sirara. Ka fi son wanda kejinsa ke buɗewa da noti ɗaya ko da hannu, kuma ƙashin bayansa alminiyam ne, ba roba zalla ba.

Kafin kayan su iso, akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. Mayar da tsohuwar direlar gaba ba tare da waya ba, ka sauke ta kusa da faranti, ka murɗa 'yan sukurorin nan biyu masu alamar H da L har kejin ya tsaya cak a kan sarƙa. In L bai kai ba, a sa mai ɗan tsawo. Kejinta ya fi na matari faɗi da tsawo, saboda haka sarƙa kan sami hanya wani lokaci, amma za ka ga sauƙi, kuma akwai waɗanda daga nan ba su ƙara neman komai ba.

Ranar ɗaurawa, sa sarƙa a giyar tsakiya ta baya, ka daidaita kejin sarƙa ta ratsa tsakiyarsa. Sauke shi har tazarar da ke tsakanin rufinsa da bayan sarƙa ta zama 'yar kaɗan, yadda ko ta yi tsalle ba za ta haye kan haƙori ba. Masu kyau na da zane a jiki da lambar haƙori, sai ka daidaita da 32. Sannan a ɗaga maka tayar baya ka bi giya tara ɗin duka. A babba da ƙarama sarƙa na shigowa a karkace, nan ne za ka ji gurza in akwai. In a gefe ɗaya ne, matsar da kejin ko ka sauya washa guda. Juya feda zagaye cikakke ka tabbata ƙarfenta da kawunan notocin faranti ba sa taɓa kejin. Notocin matari ƙanana ne, da ɗan alanki ake ɗaure su, ba a sa musu bututu a ƙara ƙarfi. Ɗigon maganin hana noti kwancewa, shuɗin, ya fi ƙarfin dantse amfani, kuma ka sake taɓa su bayan fita ta farko.

Tun da tayar na sama, wulwula ta da ƙarfi ka saki feda. In fedar ta ci gaba da bin taya, ko sarƙar sama ta saki ta yi ciki, ƙura ta daskare a cikin firiwil, abin nan na tsakiyar tayar baya da ke barin ta ta juya feda na tsaye, yana turo sarƙa gaba duk lokacin da ka daina takawa. Wannan kaɗai na sauke sarƙa ko da matari, sai an wanke shi an sa mai marar kauri. Baƙin man inji da ake ɗiba wurin masu babur kuma ka raba shi da sarƙar nan, shi ke kiran ƙura. Ɗigo ɗaya na mai mai tsabta a kowace gaɓa, ka juya, ka goge na waje da tsumma har ta bushe a ido.

In wata rana sarƙa ta yi gardama ta kutsa ta ƙarƙashin kejin ta maƙale tsakanin faranti da firam, kada ka taka da ƙarfi don ta fito, nan ake karya keji a lanƙwasa gaɓa. Sauka, ka tura hannun direlar baya gaba sarƙa ta saki, ka buɗe kejin, ka mayar da ita kana lura haƙori mai kauri ya faɗa gaɓa mai faɗi, domin in ka saɓa ba za ta zauna ba. Alankin da ke buɗe kejin, yawanci mai lamba 2.5 ko 3 ko 4 ne, ya riƙa zama a jakar sirdinka tare da gaɓar haɗi ta sarƙar giya tara.